Ranar da Ya Kai Mu Duwatsun Rurum

Ɗana na fari ya rasu bara da kaka, ana cikin yankan dawa. Wata uku kafin nan ya ɗauke mu a mota ya kai mu duwatsun Rurum shan iska, ni da mahaifiyata da matarsa. Tafiyar yini ɗaya ce, kuma ba nisa daga gida.

A ƙauyenmu Kahu na haife shi, a ɗakin Inna mahaifiyata. Da aka yaye shi Inna ta riƙe abinta, ni kuma ina ɗakina a Rano. Ya tashi yana ce mata Inna, ni yana ce mini Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ban taɓa gyara masa ba. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya shigo gaishe ni, sai in amsa idona na kan tsintar shinkafa ko ɗinki. In dole ta sa zan ambace shi sai in ce ɗan Inna, da ya girma ya fara tuƙi kuma na koma cewa direba. Haka muka yi shekara talatin da ɗaya, kuma ban ga aibun hakan ba, domin haka na ga an yi da yayanmu.

Motar haya yake ja tsakanin Rano da Kano, ta wani Alhaji ɗan kasuwa. Tun cikin azumi na lura ya rame, farin idonsa ya koma rawaya. Mutane suka ce shawara ce, aka yi ta kawo masa saiwoyi. Wata rana matarsa ta same ni a madafi ina tuƙa tuwo, ta durƙusa. Ta ce likita a Kano ya ce hanta ce, ya hana shi dogon tuƙi da aikin ƙarfi, amma bai daina ba. Ta ce ya hana ta gaya wa kowa, musamman Inna.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Na ci gaba da tuƙi. Da ta tafi na sauke tukunyar na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Daga ranar abu ɗaya nake so: in tambaye shi da bakina me likita ya ce, in ji daga bakinsa, tun da sauran lokaci. Sau uku yana zuwa gaishe ni ina shirya maganar, sau uku yana tashi ya tafi ban ce komai ba sai a gai da gida.

Ranar wata Alhamis da yamma suka zo shi da matarsa. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, jibi ba zan yi lodi ba, Alhaji ya ce in huta. Ina so in kai ku bayan Rurum ku ga duwatsu. Mutane na ta wahalar zuwa nesa kallon dutse, ga namu nan a bayan gida, ba mai tare ƙofa ya ce a biya. Mai kawai zan zuba, ku kuma ku yi mana dambu."

Na juya ga matarsa, ko da yake yana gabana, na ce, "Ki ce masa ina da wanki."

Ya yi dariya ya ce mata, "Ki ce mata wanki ba ya gudu. Shekara nawa tana Rano ba ta taɓa hawa dutsen nan ba?"

Na yarda ne domin na yi tunanin ko can, inda babu maƙwabta, bakina zai buɗe.

Ranar Asabar da sassafe ya je Kahu ya ɗauko Inna, suka biyo ta kanmu da hantsi. Mun yi dambu da zogale, mun dafa gyaɗa, matarsa ta dama fura a babban kwano mai murfi. Inna ta kame a gaba ta ce gaban mota na uwargida ne. Tun yana jariri take ce masa angonta, kuma ko da ta tsufa kunnenta ya yi nauyi bakinta bai mutu ba.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wai ni angona, ina naman jikinka ya tafi? Ka zama tsinke. Wannan yarinya ba ta iya tuwo ba, ka dawo gidana."

Ya ce da ƙarfi don ta ji, "Tsohuwa, wa zai dawo gidan da ba haƙori? Ko ƙuli-ƙuli sai an jiƙa miki."

"Da haƙorin na tauna maka gyaɗa har ka girma, ɗan butulci."

Suka yi dariya su biyu. Matarsa ta sunkuyar da kai. Ni ina bayansa daidai, abin da nake gani shi ne ƙeyarsa. Gari da sanyin damina, amma gumi na bin wuyansa yana shiga rigarsa. Duk ramin da muka faɗa sai in ga ya saki hannu ɗaya ya dafe gefen cikinsa na dama, sannan ya mayar da sauri kamar bai yi ba.

Muka bar kwalta muka bi wata hanyar ja. Dawa ta fi motar tsawo hagu da dama, ba ka ganin komai sai ganye. Can sai gonaki suka buɗe, duwatsun suka bayyana, manya-manya, wani kan wani, kamar da hannu aka jera su. A gindin ɗaya akwai tsamiya mai faɗin inuwa, gabanta kuma rafi ne mai shimfiɗaɗɗen dutse a ƙasansa, inda shanu da masu babur ke tsallakawa. Ruwan garau, iyakarsa idon sawu. Nan ya tsaya. Muka shimfiɗa wa Inna tabarma, ta ce ita ta gama hawan dutse tun zamanin ƙuruciya, mu je mu dawo mu ba ta labari.

Ya ce mu cire takalma, silifa na zamewa a kan dutse. Ya shiga gaba, matarsa na binsa, ina baya. Dutsen da ɗumi a tafin ƙafa. Duk taku ashirin sai ya tsaya ya nuna mana wani abu: ramin da ruwan sama ya taru har da 'yan kwaɗi a ciki, rema da ta leƙo daga tsaga ta koma, wata bishiyar ɓaure da ta fito a inda babu ƙasa ko kaɗan. Na gane ba don mu gani yake tsayawa ba. Numfashinsa yake nema. Na so in ce mu koma haka nan, ban ce ba.

Da muka kai sama, gaskiya ban taɓa ganin ƙasarmu haka ba. Gonaki kore shar har iyakar ido, rufin kwanon Rurum Sabon Gari na ƙyalli, can nesa ruwan Tiga a kwance kamar faranti. Iska na kaɗa mayafina. Can kudu hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kana ganin ruwan na zuba kamar labule, mu kuwa rana ce a kanmu.

Ya ce, "Can ake shan shi. Ba zai iso nan ba, iska ta yi gabas da shi."

Matarsa ta ce za ta duba ko ɓauren nan ya nuna. Ta tafi ta ɓace bayan wani dutse, na san da gangan ta yi. Muka rage mu biyu. Ya zauna, ya haɗa gwiwoyinsa. Ga shi, ga ni, babu kowa.

Ya ce, "Yaya, dama akwai wata magana da nake so..."

Na ce, "Rana ta yi. Inna na jiran abinci."

Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban shirya ta ba. Na juya na fara sauka, na ji ya ce "To" a hankali, ya taso.

A gindin tsamiya muka yi sallar azahar, aka buɗe kwanuka. Ya ci loma uku ya ture, ya ce fura yake so, furar ma ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Inna ta yi ta masa tsiya har barci ya fara ɗaukar ta. Ni ban taɓa abincin ba tunda yana wurin.

Sai ya miƙe ya ce bari ya wanke mota. Duk wanda ya zauna da direbobi ya san halinsu, ba sa ganin ruwa a kwance su ƙyale.

Matarsa ta ce, "Don Allah ka bar wankin nan, ka kwanta ka huta."

Ya ce, "In mayar wa Alhaji mota da taɓo har saman gilashi? Minti nawa ne?"

Ya ɗan dubo inda nake. Na san da na ce ya bari, da ya bari. Na kawar da kai ina gyara murfin kwano.

Ya tada motar ya shigar da ita tsakiyar mashigin, kan shimfiɗaɗɗen dutsen. Ya buɗe ƙofofi, ya kunna rediyo da ƙarfi, ya naɗe wando, ya ɗauko bokiti. Matarsa ta kwashe kwanuka ta zaga bayan dutse inda wani ɗan ruwa ke gangarowa. Ni kuma na ɗebi dambu a murfi na ɗan hau dutsen, na sami inda ba zai gan ni ba, na zauna zan ci.

Daga wurin ina hango rafin har inda ya yi kwana. Ina hango shi ma. Ya gama jikin motar ya ɗaga bonet, yana watsa wa injin ruwa, ya ba wa inda ruwan rafin ke tahowa baya.

Ƙara na fara ji, kamar babbar mota na tahowa daga nesa. Na duba hanya, ba komai. Sai na ga wani Bafulatani a ɗaya gaɓar yana korar shanunsa daga bakin ruwa da gudu, yana ɗaga sanda yana ihu. Na bi inda yake nunawa da ido. Ruwan da aka sha a kudu ne ya iso. Ya fito daga kwanar nan jajur, ya cika rafin gaɓa zuwa gaɓa, yana turo karare da rassa a gabansa.

Na miƙe, murfin ya faɗi. Na ce, "Kai! Kai!"

Bai ji ba. Rediyo na ta yi, kansa na ƙarƙashin bonet.

"Direba! Kai direba!"

Na fara gangarowa da gudu, ban san yadda ƙafafuna suka riƙe dutsen ba. Na wuce Inna tana barci. Ina gudu ina kiran kai, kai, kamar mai korar akuya. Ruwan ya wuce wata bishiya da na sa wa ido, saura kaɗan.

Sai na kira sunansa. Da iyakar muryata na kira shi.

Ya ɗago. Ya juyo da bokiti a hannu. Bai dubi ruwan ba, ni ya tsaya yana kallo, bakinsa a ɗan buɗe.

Ya ce, "Yaya, ni kika kira?"

Na nuna bayansa da hannu biyu. Ya waiga ya gani. Na ɗauka zai yo gaɓa, taku goma ne kawai. Sai ya jefar da bokitin, ya buga bonet, ya faɗa cikin motar. Na ji ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake murɗawa. Ruwan da ya watsa masa ya jiƙa shi, ya ƙi tashi.

Ruwan ya iso. Na farko ya bugi tayoyin, motar ta girgiza. Ina bakin gaɓa, kafin in ankara na ji sanyi a gwiwata, ashe na shiga. Na sake kiran sunansa na ce, "Fito! Bar ta!"

Ya leƙo ta taga ya ce, "Amana ce, Yaya! Bari in gwada sau ɗaya!"

Na ce, "Ni na haife ka. Na ce ka fito!"

Ya saki makullin. Ya tura ƙofa, ruwa na tura ta baya, da ƙyar ya zaro jikinsa. Ruwan ya kai masa cinya. Ya yi taku biyu, na uku wani reshe ya bugi ƙafarsa ya durƙushe, ruwa ya rufe shi har kafaɗa. Da yana da ƙarfinsa na da, da tashi ɗaya zai yi. Na ga ya yunƙura ya kasa. Na matsa, ƙasa na zamewa ƙarƙashina, na damƙi wuyan rigarsa. Na ja. Abin da ya tsorata ni a lokacin ba ruwan ba ne, rashin nauyinsa ne. Namiji mai shekara talatin da ɗaya, na ja shi kamar na ja buhun ƙaiƙayi.

Amma ruwan ya fi ƙarfinmu mu biyu, ya fara jan mu gefe. Sai na ji matarsa na ihu a gaɓa. Ta cire mayafinta, ta naɗe gefe ɗaya a hannu, ta wurgo ɗayan. Na farko bai iso ba. Na biyu ya kama, ni ina riƙe da shi, shi yana riƙe da mayafin. Ta zauna daɓas a ƙasa ta kafe dugaduganta tana ja tana salati. Haka muka fito, da rarrafe.

Muna kallo ruwan ya juya motar a hankali, ya tafi da ita kaɗan, ya jingina ta da wani ƙaton dutse, ta tsaya a nan. Rediyon ya ci gaba da magana na ɗan lokaci sannan ya mutu.

Muka kwantar da shi a kan dutse mai ɗumi. Jikinsa na rawa, ya yi amai, ruwan rafi da 'yar furar da ya sha. Inna ta farka ta taho da sandarta tana tuntuɓe, tana kuka tana faɗa.

"Angon banza angon wofi! Kan ƙarfe za ka bar ni? Ƙarfen ma na wani?"

Ya yi ƙoƙarin yin dariya bai iya ba.

Na zauna a gefensa, zanina na ɗigar ruwa. Ban tashi ba, ban kawar da kai ba. Na bari numfashinsa ya daidaita, sannan na ce, "Me likita ya ce?"

Ya dubi matarsa.

Na ce, "Kada ka dube ta. Ni nake tambayarka."

Ya mayar da idonsa sama. Ya ce, "Sun ce ta yi nisa, Yaya. Magani dai na rage ciwo ne." Ya rage murya ya ce, "Kada Inna ta ji."

Inna da muke cewa ba ta ji ta ce, "Kun ɗauka ban sani ba? Ni na goye shi. Tun azumi nake kallon idonsa. Ku kuka ɓoye mini, ni ma na ɓoye muku."

Matarsa ta rufe fuska da hannu. Shi kuma ya ce, "Shi ya sa na kawo ku nan. Na ce in nemi gafararku inda ba mutane. A gida kullum da baƙi."

Inna ta ce ta yafe masa tun ranar da ya fara yi mata fitsari a baya. Suka juyo gare ni.

Na ce, "Ba ka taɓa yi mini komai ba. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini."

Ya ce, "Ke kuma me kika yi mini?"

Ya tambaya ne da gaske, ba ya ganin laifina ko kaɗan. Na sa gefen ɗankwalina na share masa yashin da ke goshinsa da kunnensa, ya rufe ido ya bar ni na gama.

Bayan la'asar ruwan ya ja baya, kamar yadda irinsa ke yi. Bafulatanin nan ya tsallako ya yi mana barka, ya je ya kira mutanen ƙauyen. Suka zo da igiya da shanun huɗa biyu suka jawo motar gaɓa, cikinta cike da taɓo. Wani mai a-kori-kura da ya ɗauko kaya daga gona ya kwashe mu zuwa Rano, muka iso ana kiran magariba. Da aka gaya wa Alhaji, ya zo da kansa ya duba shi, bai yi maganar mota ba sai da ɗana ya tayar, nan ma Alhaji ya ce a bar zancen.

Bai sake tuƙi ba. Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, daga nan kuma bai ƙara miƙewa sosai ba. Wasu sun ce ruwan ne ya ƙarasa shi, likita ya ce ba haka ba ne, ciwon ne ke tafiyarsa. Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne da na yi magana a gindin tsamiya, da bai shiga rafin ba.

Ranar da ya kwanta na ɗaure kayana a zani, na gaya wa mahaifinsa, na koma gidan ɗana. Ni da matarsa muka raba jinyar, ita ta dafa, ni in ba shi, ita ta wanke, ni in shanya. In ƙafafunsa sun kumbura ni nake gasa masa. Ya ce mini in ya sami sauƙi zai kai mu bakin Tiga mu ci kifi, nan ma ba nisa, na ce Allah ya kai mu.

Mata sun yi magana, na kuma ji. Wata safiya ina fitowa daga madafi da ruwan zafi a roba, wata tsohuwar ƙawata da ta zo dubiya ta tare ni a tsakar gida. Ta kama haɓa ta ce, "Ke yanzu ɗan fari guda kike wa gashi da hannunki? Ina kunyar taki?"

Na ce, "Matsa mini, ruwan zai huce."

Ta matsa, na shiga wurinsa.